Yaye a Malali

A tashar Kawo, tsohuwa Hasiya tana jiran motar Katsina ta cika, sai wata matashiya mai goyo ta zauna kusa da ita.

"Iya, ke kaɗai, ba ɗan rakiya?"

"Jikana na zo ɗauka yaye, 'yar nan, uwarsa ta hana. Wai a unguwarsu ta Malali kowa ke yaye ɗansa. Ɗan nawa kuwa, ma'aikacin gwamnati guda, ya yi tsit!"

Matashiyar ta gyara goyonta. "Ni ma haka na yi wa uwar mijina. Har yau ba na iya haɗa ido da ita. Kin yi fushi ke nan?"

"Dole in yi, ko don idon mutanen gari." Ta sassauta murya. "Amma ranar da aka ɗauke uban yaron daga bayana, bayan rumbu na zagaya na sha kukana, kada a ce ba ni da kunya. Da na ga matar ɗana ta ƙanƙame nata, wallahi sanyi na ji a raina."

Matashiyar ta yi ajiyar zuciya. "To, me za ki ce a gida?"

"Ciwon gwiwa ya hana ni goyo. Ke kuma je ki gaida uwar mijinki. Ita ma tana da nata rumbun."