Jan Zare a Wuyan Sulke

A rumfar wani maƙeri a kasuwar birnin Balkh, ranar da aka ce maharan arewa sun ƙetaro kogi, tsohuwa Mahbanu ta tsaya kusa da wani soja mai jiran a gyara masa sulke. Idonta bai bar wuyan sulken ba.

"Ɗan nan, ina ka samo wannan?"

"Rabo aka yi mana, Inna, cikin waɗanda aka kwaso a bakin kogi. Dubi hujin ƙirjin nan, yatsuna uku suna shiga."

"Ɗana ma can aka tura shi. Wa ya ɗaura wannan jan zaren?"

"Ai kowace uwa a garin nan tana ɗaura wa ɗanta."

"Ƙulli bakwai suke yi. Ni hankalina bai kwanta ba, sai da na ƙara ɗaya. Idona ya yi rauni, ƙirga mini."

Sojan ya bi zaren da yatsa, ya daɗe bai ɗago kai ba.

"Bakwai ne, Inna."

"Sake ƙirgawa."

"Gobe da shi zan fita," in ji shi. "Don Allah ki bar shi a bakwai."