A Bar Mana Lungun Bayan Tanki

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban ƙungiyar unguwa, 'yan kwamiti, iyayena, 'yan'uwana, maƙwabtan arziki: ku yi mini afuwa da na tsayar da ku a kan maganar ƙwaro, kuma na gode da kuka ba ni dama.

Kun san ni ce mai kula da tsaftar unguwar nan, kullum a share, a kwashe, a ƙone. To, yau roƙona a bar wani wuri da dattinsa: lungun bayan tankin ruwa, inda kututture ya ruɓe, ganye ya taru, wanda kwamiti ya ce magini ya shafe da siminti.

'Yata da ke karatun ƙwari a jami'a ce ta tona wurin, ta shigo da gudu tana cewa, "Umma, zo ki gani!" Na zaci zinare ta tsinto. Ashe ƙwaro ne baƙi, siriri, bai kai ƙwayar shinkafa ba, fukafukansa sun ɗangale kamar wanda ya ari rigar ƙanensa. Da an taɓa shi sai ya ɗaga wutsiya kamar kunama, alhali ba harbi. Babanta ya ce, "Cika baki kawai, halin kawunki sak!"

Malaminta ya zo ya duba, kuma ba zan ƙara ko wasali a kan abin da ya faɗa ba. Na farko, ya ce wannan halitta ba ta zama sai inda inuwa da laima da ruɓaɓɓen itace suka haɗu. In rana ta taɓa wurin, halittar ta tafi. Na biyu, ya ce wuraren da aka taɓa samunta ƙalilan ne, kuma nesa da juna, shi kansa a hoto ya san ta. Sai ga ta a bayan tankinmu, inda muke shanya tsumma! Allah bai yi komai a banza ba.

Na san za a ce sauro. Laima ce, ba kwantaccen ruwa ba, kuma na ɗauki nauyin lura da wurin.

Binciken yarinyar nan kacokan a kan lungun ya rataya. In siminti ya hau, ƙwaro ya tafi, aikinta ya bi shi. Allah Ya albarkaci zuri'armu, Ya bar mu tare, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Ranka ya daɗe, magini ya riga ya sauke yashi. Don Allah a ba ni amsa kafin ya kwaɓa.

Na gode.