Wuƙar Jandarma da Gangar Ba'indiye

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanku da aiki. Ni ne Garba mai kalangu, daga Illo.

Ana saura kwana biyu bikin samun 'yancin kan ƙasarmu, ni da abokan kiɗana muka ƙetara zuwa Dahomi don mu ɗauko baƙonmu Rajan, wani Ba'indiye haifaffen Kwatano. Yana da ƙananan ganguna biyu da ya gada wurin mahaifinsa, yana gauraya kiɗansu da kiɗan hailaif irin na Ikko.

Muna dawowa, wani jandarma ya tare mu a bakin iyaka. Ya ɗaga ganga ɗaya ya ji nauyi, sai ya ce harsasai muka ɓoye. Kafin mu buɗe baki ya zare wuƙa ya farke fatar. Babu komai a ciki, amma ya miƙa hannu ga ta biyu. Rajan ya rungume ta ya ƙi saki, jandarma ya ɗaga bindiga.

Sai na ce, "Ranka ya daɗe, in da harsashi a ciki ba za ta yi sauti ba. Bari ya buga ka ji."

Rajan ya durƙusa ya fara bugawa, hawaye na zuba, ni kuma na bi shi da kalangu. Da jandarma ya ji sautin, sai ya sauke bindiga ya ce mu wuce.

Da ganga ɗaya Rajan ya yi bikin. Mun ɗaura wa ɗayar fatar akuya, muryarta ba ta dawo ba, domin fatarta ta asali tana da wani baƙin tabo a tsakiya mai ba ta sautinta. Don Allah, wanda ya san yadda ake yin wannan tabon ya aiko mana da bayani, domin ni na jawo wa mutumin nan wannan asara.

Ina gaishe da makaɗan kasuwar Lolo.