Tukunyar Baƙo

A tashar bas, wata dattijuwa ta ji saurayin da ke gefenta yana tsaki yana mita da Hausa, sai ta juyo.

"Ɗana, lafiya?"

"Ina fa lafiya, Mama! Ɗalibi ne ni, na baro ƙasarmu na zo aikin sa kai, aka sauke ni gidan wata tsohuwa. Ta ware min tukunya da cokali sai ka ce mai tarin fuka. Da na shimfiɗa sallaya, sai ta ja karenta ta fice."

"Ka gaya mata ba ka cin alade?"

"Tun ranar farko."

"Tukunyar sabuwa ce?"

"Sabuwa fil."

Dattijuwar ta kalle shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Wato ta sayo tukunyar da alade bai taɓa shiga ba, tana fita da kare cikin sanyin nan don ka yi sallarka a tsanake, kai kuma ka zo tasha kana cin namanta. Wa ke wanke tukunyar?"

Ya sosa ƙeya. "Ita."

"Sannu da ƙoƙari. Lallai akwai mai aikin sa kai a gidan nan, amma ba kai ba ne."