Kansilanmu da Raƙumar Dawan Belel

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, ina yi maka fatan alheri.

Ni mai gadin daji ne a Belel. Raƙuman dawa uku suka rage mana, biyu maza, ɗaya mace, kuma doka ta hana kashe su. Kansilanmu, abokina tun muna yara, shi ya karanta dokar a kasuwa. Ya ce mini, "Buba, ko ƙanena ka kama, ka kai shi kotu."

Bayan ƙuri'ar raba gardamar da ta raba mu da Kamaru, na tarar da wani maharbi yana feɗe macen. Na kai shi gaban alƙali a Mubi. Sai ga kansila ya shigo, ya shaida cewa dabbar ta Kamaru ce ta tsallako iyaka, dokarmu ba ta shafe ta ba. Aka sallami maharbin. Da muka fito, kansila ya ce mini, "Yi haƙuri, danginsa suna da yawa, ga zaɓe na tafe." Yanzu fatar tana shimfiɗe a zauren kansilan.

Jama'a, ku ba ni shawara. In tuɓe kakin nan, ko in ci gaba da kama mutanen da za a saki? Ina gai da abokan aikina na Mayo Bani.