Sun Karya wa Maigidana Hannu Yana Tare Gobara

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki, ina gaida masu sauraro. Maman Sadiya ce daga Zoza.

Maigidana ne ke gadin filin kiwon da wasu masu bincike suka dasa wa ciyawar gamba da itatuwa, don ciyawa ta farfaɗo, zabin daji su dawo. Ranar kasuwa gobara ta taso daga gabas. Sai ya ƙone ciyawar da ke gabanta don ta rasa abin ci ta mutu, yadda aka koya masa. Makiyaya suka hango shi da bakin wuta a hannu, suka rufe shi da sanduna. Yana ihu, "Tare ta nake yi!" amma ba wanda ya saurara. Suka fasa masa kai, suka karya masa hannu. Gobarar kuwa nan inda ya ƙone ta tsaya.

Wanda ya fara dukan maƙwabcinmu ne. Jiya ya zo ya durƙusa yana kuka: "Baba, ka yafe mini, abincin shanuna na ga yana ƙonewa." Maigida ya ce ya yafe. 'Ya'yana maza kuwa sun wasa adduna, na kwashe na ɓoye ƙarƙashin gadona.

Jama'a, me zan faɗa musu kafin su gano wurin?