Littafin da Babu Rubutu

A teburin mai sayar da littattafai, wani matashi mai walda yana buɗa littafin hotunan masu wasa a cikin tanti: ga mai tafiya kan igiya, ga biri, ga mai haɗiye wuta. Wata dattijuwa ta leƙo.

"Ɗana, wa za ka saya wa?"

"'Yata, Mama. Shekararta huɗu."

"Huɗu? Ajiye shi. Gobe ka tarar ta cusa ashana a baki. Shekara talatin ina koyar da yara, na san halinsu."

"Kullum tana ganina da wutar walda, ba ta taɓa lasa ba."

"Bar gardama. Ga mai labari, ka riƙa karanta mata."

Ya dubi shafin, rubutu cunkus. Ya tuna ranar da ya tsaya inda-inda har yarinyar ta ce, "Abba, bari Umma ta zo."

"A'a. Wannan nake so."

"Ai ko layi ɗaya babu a ciki! Me za ka karanta mata?"

"Shi ya sa, Mama. A nan duk abin da na ce biri ya faɗa, to shi ya faɗa. Ba mai gyara mini."

Ya miƙa wa mai teburin. "Sa mini a leda."